Haƙoran Cinnaka

Shagon wanki da guga yana can ƙarshen layi, kuma duk wanda ya leƙa da hantsi, tururi yake fara gani kafin mutum. Sai ido ya saba sannan zai tsinkayo mai guga a bayan dogon teburinta, hannu ɗaya a kan dutsen guga, ɗayan yana lallashin rigar wani da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ta daɗe a wannan sana'a har tufafi sun fara yi mata magana. Tana gane ma'aikacin ofis daga gwiwar hannun rigarsa, mai goyo daga kafaɗa, wanda matarsa ke fushi da shi daga maɓallin da ya tsinke ba a mayar ba. Abin da ta kasa karantawa ɗaya ne, 'yarta ta cikinta.

Yarinyar ba ta cika shekara shida ba. Siririya ce, mai manyan idanu, in tana barci sai ka rantse ba ta taɓa kashe ko sauro ba. Amma a taɓa abinta, ko a ce ta jira, ko a yi dariya ba ta san dalili ba, kafin ka ce kwabo ta kafa haƙori. Kawunta ne ya laƙaba mata suna tun tana rarrafe, ranar da ta gartsa masa cizo a cinya ya yi tsalle yana cewa, "Cinnaka, ba ki san na gida ba!" Aka kwashe da dariya, suna ya bi ta. Haka ake yi. Yaro yana ƙarami a yi ta tafa wa ɓarnarsa, a kira baƙi su zo su gani, ran da haƙori ya yi ƙwari kuma kowa ya riƙe baki yana tambayar inda ya ɗauko hali.

Ranar da shugabar makaranta ta aiko a kira ta, mai guga ta je da ƙanshin sitati a hannunta. A ofis ta tarar da wani yaro mai ƙiba da 'yan ajinsu ke kira Kumatu, yana shessheƙa, da zagayen haƙora a tsintsiyar hannunsa.

"Kin ga agogon da 'yarki ta ɗaura masa," in ji shugaba, tana kallonta ta saman tabarau. "Maman yarinya, ba yau aka fara ba. Iyaye sun gaji, ni ma na gaji. In ta sake sa haƙori a jikin ɗan wani, ki zo ki kwashe kayanta. Makaranta na buɗe, ba asibiti ba."

Da yamma uban yarinyar ya kira daga hanya, don direban babbar mota ne, gida yana ganinsa ne kamar jinjirin wata. Ya saurara har ta gama.

"In sun kore ta, wurin Yaya za ta," ya ce. "Yaya ba ta wasa da tarbiyya."

Mai guga ta san gidan yayarsa. Wuni guda ake yi a mota kafin a isa. Ta san wayar wutar da ke rataye a bayan ƙofa, ta kuma san 'ya'yan gidan, masu ladabi ƙwarai, waɗanda in ka ɗaga hannu za ka sosa kai sai su kare fuska. Ta ajiye waya ta koma kan guga, tururi ya taso ya rufe ta, a cikinsa ta riƙa ganin wata 'yar siririyar yarinya a tagar mota tana ƙanƙancewa.

Wadda ta tsaya wa Cinnaka ita ce malamar ajinsu, sabuwa ce, ba ta daɗe da gama karatu ba, mai saurin tafiya da saurin magana, kullum da alli a gefen mayafinta. Ita ta roƙi shugaba a bar mata yarinyar zuwa ƙarshen zango. Bayan hutun tara takan kwashi 'yan yaran da kowa ya sallama, mai duka, mai ihu, wanda ba ya iya zama, ta kai su wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye karyayyun kujeru. Ta ce wa mai guga ta zo ta gani.

Ta taga ta leƙa. Rana ta shigo ta kwanta a kan tabarma, ƙura tana iyo a cikin hasken, yaran sun yi da'ira. Malama ta zura hannu a wata tsohuwar safa da aka ɗinka wa idanu da maɓallai, safa ta buɗe baki ta yi magana da muryar tsoho mai mura. Sunansa Mai Gaggawa. An ƙwace masa ƙwallo, yana huci, yana neman wanda zai mara.

"To, 'yan uwana, me zai fara yi?"

"Ya tsaya!" in ji yaran.

"Sai me?"

"Ya faɗi abin da ke cikinsa."

"Me ke cikinka, Mai Gaggawa?" Safa ta karkata kai ta ce haushi ne, haushi mai zafi kamar an zuba mata garwashi. Sai yaran suka shiga nemo masa hanyoyi. Wani ya ce ya roƙa, wata ta ce su yi karɓa-karɓa, mai dukan nan ya ce ya fasa wa ɓarawon baki. Malama ba ta tsawata masa ba, sai ta ce, "Hanya ce. In ya bi ta, wa zai yi kuka?" Yaron ya yi lissafi da ido, can ya ce, "Su duka biyun." Cinnaka tana gefe, idonta yana kan bakin safa.

Mai guga ta dawo gida da maganar a bakinta kamar mai tsoron kada ta zube a hanya: a tsaya, a faɗi abin da ke ciki, a nemo hanya biyu, a zaɓi wadda ba ta sa kowa kuka. Ita ma ta yi makaranta, ta san yadda ake koyon abu. Maimaitawa ake yi har ya zauna. Saboda haka ta tsayar da yarinyar a gaban teburin guga, hannu a ƙirji.

"In aka ƙwace miki abu, me za ki yi?"

"Zan tsaya."

"Da ƙarfi!"

"Zan tsaya! Zan faɗi abin da ke cikina!"

Safe da yamma, wurin wanka, wurin cin abinci, a hanyar makaranta. Cinnaka mai kai ce, nan da nan ta haddace, har ta sa wa abin waƙa. In masu kawo wanki sun zo, uwar takan ce ta karanto musu, su tafa, wani ya ba ta alewa. Inna kuwa, mahaifiyar mai guga, wadda ke wuni a kujerar bakin ƙofa tana ninke ƙananan kaya, taɓe baki kawai take yi.

"Mu da muka cika gida da 'ya'ya, wace safa ce ta koya mana? Ƙuruciya ce, za ta bari. Ke ma kin yi yaƙushi."

"Inna, ni ba a ce za a kore ni ba."

"Don a zamaninku malamai suna da bulala."

Cinnaka tana da wani gari nata a ƙarƙashin teburin guga, mutanen garin kuwa maƙalan shanya ne na roba. Ja shi ne direba, fari likita, shuɗi kuma, wanda ƙafarsa ɗaya ta ɗan karye, shi ne ita. Wata Asabar wata mata ta kawo labule da 'yarta a gefe. Cinnaka ta gama karanto haddarta ke nan, ana cikin tafi, baƙuwar yarinya ta sunkuya ta ɗauki shuɗin maƙali. Ƙarar da ta biyo baya har mai shagon ɗinki na maƙwabta sai da ya leƙo.

Matar ta kwashe labulenta da 'yarta ta fita tana faɗin maganganu. Mai guga ta damƙi kafaɗun Cinnaka tana girgiza ta, sai yarinyar ta buɗe baki cikin kuka, majina da hawaye, ta fara: "Zan tsaya. Zan faɗi abin da ke cikina. Zan nemo hanya..."

Hannun uwar ya saki.

"To me ya hana ki tsayawa, tunda kin sani?"

"Mama, haƙorana ne suke riga ni."

Ba a makaranta aka yi ba, shugaba ba za ta ji ba, amma mai guga ta san saura ƙiris. Ranar Litinin ta tare malama a bakin famfo ta zayyana mata komai, har da waƙar da tafin. Malama ta dafe kai, alli ya shafi goshinta.

"Hadda! Wayyo Allah, komai namu hadda! Mama, yaro ya haddace tsafta yana cin abinci da datti, ya haddace gaskiya yana ƙarya, mu kuma mu ba shi na ɗaya mu tafa. In abin ya ƙi, sai mu ce ƙuruciya ce, ko mu ɗauko bulala. Tsakanin za ta bari da a zane ta babu wanda ke son ya zauna ya koya mata, don wannan shi ne mai wahalar!" Ta lura muryarta ta hau, yara sun fara juyowa, sai ta sassauta. "Yi haƙuri, ba da ke nake ba. Da na yi miki bayani tun ranar. Ke da kika fara guga, karanto miki aka yi?"

Mai guga ta yi ɗan murmushi ba ta shirya ba. Ta tuna matar da ta koya mata, da tulin tsummokaran da aka ba ta ta yi ta ƙonawa kafin a yarda ta taɓa rigar mutum.

"Tsumma aka ba ni."

"To ki ba ta tsumma. Bakinta ya iya, jikinta ne bai ji labari ba. Ki ƙwace mata abu da gangan, cikin wasa, ta san wasa ne, ƙaramin haushi wanda za ta iya ɗauka. Gobe ki ƙara kaɗan. In ta yi ko rabin daidai ne, kada ki ce yarinyar kirki, ki faɗa mata abin da idonki ya gani."

"In ta cije ni fa?"

"Za ta cije ki," in ji malama. "Ki sa riga mai dogon hannu."

A bayan shagon akwai fili da igiyoyin shanya, inda ake baza zannuwan gado na wani masauƙin baƙi. In la'asar ta yi sanyi, iska takan shiga tsakaninsu su kumbura su saki kamar masu numfashi, rana ta bi ta cikinsu ta mai da komai launin madara. Nan mai guga ta kai garin Cinnaka. Zannuwa suka zama tituna da gidaje, kwandon wanki ya zama tasha, uwar kuma ta zama ɓarawon gari, mai saɗaɗowa ta bayan farin bango, ba a ganin komai nasa sai inuwa da ƙafafu.

"Ɓarawo zai zo ya ɗauki likita," takan ce. "Ki shirya."

Ranar farko ta sha cizo a dantse. Ta runtse ido, ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta ce wasa ya tsaya sai gobe. Kashegari ma haka. Inna tana kallo daga ƙofar baya tana tafa hannu. "Uwa ta zare, 'ya ta zare. Ni dai Allah ya sa kada maƙwabta su leƙo."

Amma wani abu ya fara canzawa a cikin farin garin nan, a hankali, yadda tabo ke fita daga riga, ba a ganin lokacin tafiyarsa. Inuwar ɓarawo takan tsaya a bayan zani ta daɗe, iska tana kaɗa ta, Cinnaka tana kallonta tana jin abin yana tasowa tun daga cikinta. Uwar takan tambaya daga bayan zanin da muryar ɓarawo, "Yanzu ina ya kawo?" Yarinyar ta ce a ciki yake. Can ta ce ya hau ƙirji. Can ta ce, "Ya zo wuya, Mama, haƙorana suna ƙaiƙayi!" Mai guga ba ta taɓa sanin haushi yana da hanyar da yake bi ba, sai ga shi 'yarta tana nuna mata tasha-tasha. Ita kanta, wata rana da mai shagon da take wa aiki ya yi mata faɗa a kan rigar da ba ita ta ƙona ba, ta ji nata yana hawa, ta gane shi a ƙirji.

Ranar da ɓarawo ya ɗauki shuɗin maƙali, Cinnaka ta yi kukan kura ta taho, baki buɗe. Uwar ta miƙa dantse ta kau da kai. Shiru. Da ta duba, sai ta ga yarinyar ta cusa gefen zanin gado a baki ta datse, idanu a rufe, tana gurnani kamar ɗan kwikwiyo. Zanin masauƙi ne, an wanke, an sa sitati. Faɗa ya zo wa mai guga har leɓe. Ta tsaya.

"Na ga kin ciji zani," ta ce a hankali. "Ba ki cije ni ba."

Cinnaka ta saki zanin, ta yi haki, ta ce da ƙaramar murya, "Ina jin haushi. Ba ni ni."

"Ba ni ni?" in ji Inna daga ƙofa, tana dariya har da hawaye. "Yau na ji sabon yare!" Amma washegari ita ce ta ajiye ninki ta ce a ba ta ɓarawon, don wai 'yarta ba ta iya sata ba, tafiyarta kamar ta saniya. Tsohuwa ta shiga tsakanin zannuwa tana ɗingishi tana kwashe mutanen gari har da direba, jika tana bin ta tana ihun hanyoyi: a yi musaya, a yi karɓa-karɓa, a kai ƙara tasha. Wani lokaci a dace, wani lokaci Inna ta fito tana yarfe hannu tana cewa wannan ba jika ba ce, almakashi ce.

Ana saura kwanaki a rufe zango, da rana tsaka, aka aiko daga makaranta.

Mai guga ta kashe dutsen guga. Ba ta tuna yadda ta fita ba. Titi ya yi mata fari kamar filin shanya, motoci suna wucewa ba ƙara, mai sayar da lemo yana motsa baki ba ta jin abin da yake faɗa. A ranta tana ninke kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya tana sa wa a jaka, rigar barci, takalmin roba, shuɗin maƙali.

A ofis ga shugaba, ga malama a tsaye, ga Kumatu, ga Cinnaka a lungu kai a ƙasa. Idon uwar ya tafi kan yaron kai tsaye, hannu, wuya, kunne, kumatun kansu. Ba agogo.

"Maman yarinya," in ji shugaba, "'yarki ta tsayar mini da makaranta cak. Ihun da ta yi, 'yan aji shida sun fito sun zaci gobara ce. Kuma dubi abin da ta yi wa rigar makaranta."

Kwalar rigar ta jiƙe sharkaf, gefe ɗaya ya tsage yana reto.

"Me ta ce a ihun?" Malama ce ta tambaya, tana kallon Kumatu. "Faɗa wa Mama."

Yaron ya ja hanci. "Na ɗauki abinta na shanya. Sai ta cinye rigarta. Sai ta ce tana jin haushi, in ba ta, ko mu yi karɓa-karɓa." Ya ɗan yi tunani. "Ni na zaɓi in ba ta. Idonta ya yi ja."

"Ranki ya daɗe," in ji malama, "a jikin ɗan wa ta sa haƙori?"

Shugaba ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Ta dubi hannun Kumatu, ta dubi kwalar, ta dubi yarinyar da ke leƙenta ta ƙasan ido.

"Riga dai ba 'yar kowa ba ce," ta ce daga ƙarshe. "A ɗinke ta kafin gobe. Ke kuma malama, sabon zango ki koya mata yin abin nan ba tare da ta tara mini unguwa ba. Akwai wasu biyu a aji biyu, su ma ki haɗa da su, tunda ɗakin kujerun ya zama naki."

Da yamma uban ya kira, ana jin ƙugin injin a bayansa. Ya ce Yaya tana tambaya ko ta gyara wurin kwana.

"Ka ce mata mun gode, ta bar shi," in ji mai guga. "In ka dawo akwai aikin ɓarawo yana jiranka."

"Aikin me?"

"Sai ka zo. Ka taho da riga mai dogon hannu."

Ta wanke rigar makarantar ta shanya, da ta sha iska ta shimfiɗa ta a kan tebur. Kafin ta ɗauko allura ta ɗaga kwalar a hasken ƙofa. Ga su nan, 'yan ƙananan huji a jere, na sama da na ƙasa, da giɓin haƙorin da ya faɗi kwanan baya. Inda aka fara datsewa ya yi zurfi har zare ya tsinke, daga nan sai sawun ya riƙa sassautawa. Ta bi shi da yatsa tun daga farko har inda ya ƙare.

Cinnaka ta leƙo daga ƙarƙashin tebur, shuɗin maƙali a hannu.

"Mama, rigar ta ji zafi?"

"Ta ji mana."

"Tana fushi da ni?"

Mai guga ta kai kwalar kunne ta saurara, tururi yana tashi a hankali tsakaninsu.

"Ta ce a ɗinke ta da zare mai ƙwari, don gobe ma tana nan."